Ƙofar Mariyamman

Kwakwa buhu guda. Ganyen darbejiya. Kurkum, zuma, madara a tulun tagulla. Igiyar awo. Tsohuwa ɗaya. Dutse ɗaya, naɗe cikin rawayan ƙyalle.

Kayan da Saroja Goundar ta ɗauko ke nan a tsohuwar motarta, tana ratsa gonakin rake na bayan garin Tavua. Dutsen yana kan cinyar kakarta, Aji Muniamma.

"Bi a hankali, jikata," in ji Aji. "Uwa ba ta son girgiza."

"Aji, guguwa ta kwashe mata rufi ko gezau ba ta yi ba. Ramin hanya ne zai dame ta?"

Dutsen bai wuce kamu ɗaya ba. Kakan Aji, wanda jirgin ruwa ya kawo Fiji daga Madras ta ƙasar Indiya don saran rake, shi ya tsince shi a rafi. Ya kafa shi gindin darbejiya, ya shafa masa kurkum, ya kira shi Uwa Mariyamman. Aka yi masa rumfar ciyawa, daga baya ta kwano. Da guguwa ta tafi da kwanon, Aji ta kai shi ɗakinta.

Saroja ta yi karatun ginin haikali a Tamil Nadu ta Indiya, ta dawo, kwamitin haikali ya ba ta aikin gina wa Uwa sabon ɗaki. Can an koya mata cewa ba a gini sannan a nemi mai zama. Mai ɗakin ake fara aunawa. Daga tsawonsa a fitar da faɗin ƙurya, daga ƙurya a fitar da ƙofa, daga ƙofa a fitar da hasumiya. Ta auna dutsen, ta gina komai a kansa. Abu ɗaya ta ƙara da littafin ginin haikali bai ce ba: rodi da siminti har ƙoli, domin masu littafin ba su san guguwar Fiji ba.

Yau ake shigar da Uwa ɗakinta.

Tun daga nesa suka hango hasumiyar ta kere rake, ja da kore da ruwan gwal. Amma a farfajiya ba kiɗa, sai hayaniya. An fasa wani ƙaton akwatin katako. Mutum-mutumin Mariyamman na baƙin dutse, ya fi mutum tsayi, yana jingine a bakin ƙuryar, ƙarti sun haɗa gumi a kansa.

Kawun Saroja, Armugam, shugaban kwamiti, shi ya yi odarsa daga Indiya bai gaya wa kowa ba. Yanzu yana tsaye da guduma a hannu.

"Ga injiniyar nan," in ji shi. "Shekara da shekaru a Indiya, ƙofar akurki kika iya?"

"Ƙofar mai ɗakin ce, Kawu. Baƙuwarka ce ta yi ƙiba."

Mata suka kwashe da dariya.

"Mutanen garin Ba sun kafa tasu," in ji Armugam, "sai ka ɗaga kai kake ganin fuskarta. Mu kuma mu nuna wa duniya dutsen rafi? An gwada ta tsaye, an gwada a kwance. Taki ɗaya za a rage a kowane gefen ƙofar, shi ke nan. Dutsen a ajiye shi gindin bishiya, inda ya saba."

"Wannan ƙofar ce ke ɗauke da hasumiya. Ka fasa ta, ka sayi hular ƙarfe."

"Tsoratarwa ce. Ni na fara gina gida kafin a haife ki."

"Shi ne wanda guguwa ta kai teku?" in ji wani daga baya.

Pujari, mai jagorantar ibada, ya dubi rana. Sa'ar da aka zaɓa tana wucewa, in ta wuce kuwa sai wata na gaba.

Armugam ya ɗaga guduma. Saroja ba ta riƙe hannunsa ba. Ta tsuguna ta share dokin ƙofar da tafin hannunta.

"To ka fara daga nan, Kawu. Ba a rage gefe sai an tone ƙasa."

Ranar da aka kafa ƙofar, an binne hatsi iri tara a ƙarƙashinta, kowane gida kuma ya jefa ɗan abin zinariyarsa, kamar yadda ake yi. Armugam ya jefa barimar hancin matarsa mai rasuwa, da hannunsa, kafin a zuba siminti.

Aji ta matso da dutsen a ƙirji.

"Armugam, shekarar da ɗanka ya kwanta ciwo, gaban wa ka taka garwashi ba takalmi kana roƙa masa lafiya? Gaban wannan ta akwati?"

Ta miƙa masa dutsen.

"Lokacin ba ka ce ta yi ƙanƙanta ba. Karɓi, hannuna ya gaji. Kai ne da ƙarfin ɗaga guduma."

Gudumar ta sauka ƙasa a hankali. Ya goge hannu a riga, ya karɓa.

Masu ganguna ba su jira umarni ba. Kiɗa ya tashi, ƙararrawa ta ɗauka, aka fasa kwakwa a kan matakala har ruwanta ya gangara farfajiya. Ƙarti suka janye baƙuwar gefe. Armugam ya miƙa dutsen a bakin ƙofa, pujari ya karɓa ya shiga, ya ɗora shi a mazauninsa. Ya zauna daram. Hasken fitila ya faɗa kansa, ƙuryar ta cika, ba ragi ba ƙari. Baƙin da suka zo daga garin Ba suka sunkuyar da kai.

Saroja ta naɗe igiyar awonta.

"Waccan fa?" in ji Armugam, murya ƙasa-ƙasa. "Ta sha teku ta zo."

Pujari ya ja ƙyauren daga ciki don ya ɗaure dutsen a mazauninsa. Ƙofar ta rufu, sakata ta faɗa.

"Gobe zan auna ta, in gina mata nata ɗakin a farfajiya," in ji Saroja. "Wannan ƙofar kuwa, ko ɗan yatsa ba za a ƙara mata ba."