Kusar Egya Kwamena

Shekara talatin da ɗaya Egya Kwamena Arhin ya yi yana ɗaura wa masana kayan awo a jirgin ruwan bincike, ba a taɓa cewa ga abin da ya ɗaura ya kwance ba. Wannan ce fitarsa ta ƙarshe kafin ritaya, amma tun da suka bar tashar Takoradi abinci ya ƙi shiga cikinsa.

"Egya, tuwon dokunun nan fa ba zai ci kansa ba," in ji Tetteh, shugaban ma'aikatan jirgin. "Ko jirin teku ne ya kama ka da tsufa? Bafante guda, jikan masunta, a ji da wane kunne?"

Kwamena ya tura masa kwanon.

Abin da suka zo ɗauka waya ce mai tsawon kilomita biyu, tana tsaye cikin ruwa kudu da garin Axim. Tsofaffin ƙafafun jirgin ƙasa sun danne ta a ƙasa, ƙwallaye masu iska sun miƙar da ita sama. A jikinta na'urori ke rataye, shekara biyu ke nan suna rubuta saurin kogin nan da ke gudu cikin teku ya nufi gabas, da yawan ruwan da yake kwasa. Dakta Araba Eshun ce mai aikin. Ta ba aikin ƙuruciyarta, ta sha wulaƙancin ofisoshi kafin a ba ta jirgi, kuma tun tana ɗaliba Kwamena ne ya koya mata ƙulli.

Shi kaɗai ya san abin da ke cinsa. Ranar da aka saka kayan a ruwa, kusoshin da ake kulle maɗaurai da su suka ƙare. Teku na tashi, kyaftin na ta faɗa a yi sauri. Kwamena ya laluba akwatinsa ya cike da na farin ƙarfe. Ya fi kowa sanin cewa ƙarfe iri biyu in suka haɗu a ruwan gishiri, ɗaya cin ɗaya yake yi. Ya ce wa ransa da yamma zai faɗa. Yamma ta zama gobe, gobe ta zama shekara biyu. Girman kai dai rawanin tsiya ne, kuma dattijon ya naɗa shi har da kunne.

Da hantsi Araba ta zura na'urar kira a ruwa ta aika sauti ƙasa. Makullin da ke riƙe da wayar ya amsa, ya saki nauyinsa. Kowa ya jeru a bakin jirgi yana duban ruwa.

Bayan minti ashirin ƙwallaye suka ɓullo. Huɗu ne kawai, na can ƙasa. Manyan na sama, da na'urorin da ke tsakiyar kogin, babu su babu alamarsu.

Aka jawo abin da ya saura. Bakin wayar ya hau jirgi da guntun maɗauri a jiki, ya zaizaye ya koma siriri. Kwamena ya riga kowa kai hannu, ya dunƙule shi a tafinsa.

"Masu jan ragar nan ne," in ji Tetteh. "Manyan jiragen baƙi. Ba sa barin kifi, ba sa barin waya. Allah ya isa."

Kowa ya gyaɗa kai. Araba ta zauna a kan wani akwati, ta daɗe tana kallon takalminta. Ba ta yi kuka ba, kuma Kwamena ya so a ce ta yi. Can ta buɗe littafin aiki ta fara rubutu.

"Sai mu matsa da sabuwar wayar da za mu saka mil talatin kudu, inda ba sa zuwa," ta ce. "Ba tsakiyar kogin ba ne, awon zai yi rauni, amma ya fi babu. Ko ya ka gani, Egya?"

Ga ƙofa a buɗe. In ya yi shiru, sai a ɗora wa baƙi, ya sauka Takoradi da sunansa fes. Ita kuma ta ƙare rayuwarta tana awo a gefen abin da take nema, saboda tsoron ɓarawon da bai zo ba. Wannan ne ya kasa haɗiyewa.

Ya buɗe tafinsa a gabanta.

"'Yata, ba raga ba ce. Raga yanka take yi, wannan ci ne. Ni na sa kusar farin ƙarfe a maɗaurin nan. Na sani tun ranar, na yi shiru."

Tetteh ya kawar da kai ya shiga naɗe igiyar da take a naɗe. Araba ta karɓi guntun ƙarfen ta juya shi. Ta soke layin da ta rubuta, a hankali. Waya biyu aka saka mata a wancan zuwan, kuma ta biyun, wadda za su je ɗauka gobe, ita kaɗai ta rage mata.

"Egya," ta ce, ba ta ɗaga kai ba, "kusa nawa ka sa?"

"Biyu."

"Ɗayar tana ina?"

Dattijon ya ɗaga hannu ya nuna yamma, inda jirgin zai dosa gobe.