Lambar Buhun Yashi

Wani dare Kafinta ya ji ƙwas, ƙwas, ƙwas a jikin bango, kamar kaza tana tsattsagar ƙwarya. Ya zaci ɓera ne, sai dai ɓera ba ya bugawa uku ya tsaya ya saurara. Da ya leƙa tsakar gida sai ya ga ƙaninsa, wanda kowa ke kira Kofur tun da ya baro aikin soja, ya manna kunne a katanga yana ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa.

"Yaya, bulon gidan nan duk mai rami ne," in ji Kofur. "Ƙaramar bindiga ma ta huda shi."

Wata biyar ke nan da dawowarsa, bai taɓa zama ya gama kofin shayi ba. Ya tashi, ya zauna, ya zaga shago, ya fita bakin titi ya dawo. Kafinta ya rasa ta inda zai kama shi, don haka washegari ya kama shi ta bangon. Ya shimfiɗa falanki a kan teburin aiki, ya share garin katako, ya yanka guntaye ya jera su a matsayin katanga da motoci. Ashana a cikin kwalinta ta zama buhun yashi, marafan kwalba suka zama sojoji. Ya aro ƙwayar ludo a wurin matarsa.

"Zo ka koya mini," ya ce. "Wasa nake son ƙagawa, kowane abin fakewa da lambarsa. In ƙwaya ta haura lambar, harsashi ya wuce. Ƙofar mota na ba ta biyar."

Kofur ya yi dariya, karo na farko a wata biyar. "Biyar? Gwangwani ne fa da fenti. Ba ta ɗaya, shi ma don kunya."

Haka suka yi kwana shida. Bulo mai rami ya samu biyu, cikakke huɗu. Rigar sulke uku a gaba, ba komai a hammata. Mota mai sulke shida, ƙaramar bindiga sai dai ta goge mata fenti. Buhun yashi biyar. Wannan ya daɗe yana ba Kafinta mamaki, har ya ɗebi yashi a tafin hannu yana kallo: abin da yaro ke hudawa da tsinke, shi ne ke riƙe abin da ke ratsa ƙarfe.

Rana ta bakwai Kofur ya jera filin da kansa. Katanga a nan, buhunan yashi can, taƙin hannu uku tsakani. Ya ajiye jan murfi a bayan katangar.

"Wannan Dogo ne, abokina. Ya yunƙura zai ruga wurin yashi, na ce ya kwanta a nan." Ya jefa ƙwaya, ta ba da huɗu. Ya kifa murfin. "Biyu da biyar, Yaya. Lissafi ba ya ƙarya. Da na yi shiru da yana raye."

Ya fita, har la'asar bai dawo ba.

Kafinta ya kasa aiki. Ya yanke ƙafar kujera gajera, ya buga ƙusa a inda ba nan ba. Ƙarshe ya ɗauki takardar dokoki, ya lashi yatsa ya murje biyar ɗin yashi, ya rubuta biyu. In yashi da bulo ɗaya ne, ai babu laifin kowa.

Kofur na shigowa idonsa ya faɗa kan wurin da aka murje.

"Wa ya taɓa yashina?"

"Na sake tunani ne."

"Da yawu ka yi tunanin? Kai da ko bindigar roba ba ka taɓa riƙewa ba. Ba lallashi na zo nema ba, Yaya." Ya mayar da biyar, ya danna fensir har bakinsa ya karye, ya juya zai sake fita.

Kunya ta sa Kafinta ya sunkuyar da kai, sai idonsa ya sauka a kan farin falankin da ke tsakanin katanga da kwalin ashana. Shi mai aiki da tef ne, bai saba barin wuri ba awo ba.

"Tsaya. Nan fa? Lamba nawa?"

"Nan ai fili ne. Babu lamba."

"To ta sama Dogo zai bi? Mun yi wa komai doka, mun manta hanya. Taku nawa ne?"

Kofur ya tsaya a bakin ƙofa. "Goma sha biyu. Da kaya a baya."

"Jifa nawa ke nan?"

"Uku. Mai gudu wuyar samu gare shi, sai biyar ko shida." Ya dawo a hankali. "Amma in an same shi babu abin da zai tare."

Suka rubuta. Kofur ya tayar da jan murfi ya tura shi fili. A jifa na biyu ya faɗi. Ya mayar da shi, ya sake: ya kai. Ya sake: ya faɗi tun takun farko. Ya sake, ya faɗi. Ya bar shi bayan katanga, ƙwaya ta ba da ɗaya, ya tsira. Kafinta yana jan layi a gefen takarda, gida biyu, kuma layukan gidan masu gudu ba su fi na masu kwanciya kyan gani ba.

"Ashe hanyar ma tana ci," in ji Kofur, ba da kowa yake ba. Ya jawo benci da ƙafa ya zauna, ya sake ɗaukar ƙwayar.

Mai walda na shagon kusa ya jima tsaye a kansu da tabarau a goshi, ya zo aron guduma.

"Wai ni kam," ya ce, "wannan jan murfin sau nawa zai mutu kafin ku bar shi ya huta?"