Jajayen Duwatsu Bakwai

"Wa ya ce ki taɓa min?"

Muryar Inna Mai Duwatsu ce ta ratso bango, har Tela ta ɗaga ƙafa daga kan keken ɗinkinta. Shekara goma sha biyu suna ƙofa da ƙofa, ba ta taɓa jin tsohuwar ta yi tsawa ba. Ta faɗa ɗakin ba ko sallama.

Auta, 'yar Inna, tana tsaye da tsumma a hannu. Jiya ta dawo da uwar daga asibiti, yau ta ce bari ta gyara mata ɗaki. Gyaran gangar Auzinawa kuwa ta yi. Duwatsun adon da Inna ta shafe shekara hamsin tana tarawa, kusan kowanne yana da 'yar takarda ɗaure a jikinsa, mai faɗin inda ya fito. Auta ta tsinke takardun, ta wanke duwatsun tas, ta zuba a kwalabe, ja da ja, shuɗi da shuɗi.

"Inna, datti ne fa ya yi musu yawa. Kuma ga takardun nan, ban zubar ba."

"Kin raba ɗa da sunansa, kina ce min ba ki zubar ba?"

Idon Inna ya daɗe da tafiya, sai hannu. Shi ya sa tun daga ranar, kullum da la'asar Tela take rufe kekenta ta shigo da zare, su mayar wa kowane dutse takardarsa. Ita ta karanta takarda, Inna ta lalubo mai ita. Sai ta murza dutse tsakanin yatsu, ta ƙwanƙwasa shi a ɗaya daga cikin haƙora huɗun da suka rage mata.

"Wannan gilashi ne, ɗan rakiya kawai. Wannan kuwa wata mai sayar da kifi ce ta ciro min daga wuyanta a jirgin ruwa. Ɗaura."

Tela ba ta damu da duwatsu ba, Allah ya sani. Tsohuwar ce take ba ta tausayi. Kullum hannun sai ƙara sanyi yake, lalube yana ƙara tsawo.

A mako na uku takarda ɗaya ta rage, ta yi ja don tsufa. Kalma biyu ce kawai a jiki: "Na uwata." Inna tana 'yar shekara shida uwar ta rasu, kuma dutsen nan shi kaɗai ta bar mata. A gindin kwalba kuwa jajaye bakwai ne, kamar an tsaga kara.

Inna ta murza su ɗaya bayan ɗaya, ta sake, ta kuma sakewa. Hawaye ya gangaro ta gefen kunnenta zuwa matashi.

"Yatsun ba sa jin komai, 'yar nan."

Zuciyar Tela ta karye. Ta ɗauki ɗaya ta danna mata a tafi. "Wannan ne, Inna. Na ga alama."

"Wace alama?"

Tela ta kau da kai, ta shiga warware zare.

"Ke Tela, ƙaryar 'gobe ki zo ki karɓa' ta ishe ki. Kada ki kawo min ita nan." Ta yi 'yar dariya, tari ya sarƙe ta. "Ajiye su. Gobe hannuna zai tuna."

Washegari da hantsi, Tela tana yanka yadi, ta ji kukan Auta. Ta ajiye almakashi a hankali.

Bayan mutane sun watse, Auta ta zauna a bakin gadon da babu kowa, kwalbar a cinyarta.

"Yaya, ni na jawo. Don Allah wanne ne?"

"Ban sani ba, Auta. Ita ma ba ta sani ba."

Tela ta lashi bakin zare, ta zura duwatsun duka bakwai, ta ƙulla takardar a ƙarshe, ta sa mata a hannu. Auta ta rufe ido. Can sai yatsunta suka fara bin su, ɗaya bayan ɗaya.