Gurbin Tsakiya

"Kada wanda ya ƙara ƙirƙiro mini tebur a rumbun bayanan nan," in ji Oga, tana tsaye a bayan kujerar Injiniya. "Gwada ƙirgar a haka, yau za mu miƙa aikin."

Ai shi ba sai an gaya masa ba. Dama can ba ya gina tebur, wato jadawalin bayanai, don gwaji. Lambobi yake jerawa a cikin umarnin kansa, ya sa kwamfuta ta ƙirga su, ya ga ko za ta ba da amsar da ya riga ya sani. Lambobin kuwa shekarun yaransa ne. Dogo, abokin zamansa a ofis, shi kaɗai ya gano haka, ya sha tsokanarsa wai ranar da maman yara ta sake haihuwa sai an sake rubuta manhajar kamfani.

Yau Dogo bai yi tsokana ba. Yau ne Injiniya ya fara dawowa aiki tun rasuwar 'yarsa ta tsakiya, kuma har yanzu bakinsa ya ƙi yarda. Ko da safen nan wani a bas ya tambaye shi yaransa nawa, ya ce uku.

Yatsunsa suka riga shi: goma sha ɗaya, bakwai, huɗu. Sai da ya gan su a allo ya gane abin da ya rubuta.

"Af, na manta," in ji Oga. "Wasu layukanmu babu komai a ciki. Goge na tsakiyan nan ka bar gurbin, mu ga yadda kwamfutar za ta yi."

"Oga, bari in gwada a tawa," Dogo ya yi wuf ya ce.

"Haba Dogo, abin da ba zai ci minti ɗaya ba?"

Baiwar Allah, ba ta san abin da ta ce ba. Har gida ta je gaisuwa, ta yi kuka tare da matarsa. Injiniya ya goge bakwai ɗin.

"Ƙirgar iri biyu ce," ya ce. "Ɗaya tana lissafawa har da gurbi, ɗayar tana tsallake shi."

"Mai tsallakewa muke so. Me za mu yi da abin da babu?"

Ya danna. Amsa ta fito: biyu.

"Madalla, ta yi daidai!" Ta juya ta nufi ofishinta tana amsa waya.

Dogo ya jawo kujerarsa kusa. "Yaya, tashi mu ɗan fita. Bari in rufe maka allon."

Injiniya ya riƙe masa hannu. Baƙin cikin da yake ta dannewa tun ranar jana'iza ya taso masa, hawaye suka zubo, bai share ba.

"Bar shi, Dogo," ya ce. "Kwamfutar ba ta yi kuskure ba. Yarana biyu ne."