Rasidin Wakili Malam

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Shawwal, alƙali ya kori ƙarar da aka kai Abdurra'uf ɗan Malam Hamza. Wata goma sha huɗu ana ɗage zama, mai gabatar da ƙara bai taɓa kawo shaida ko guda ba cewa ya sayar wa 'yan bindiga fetur. Alƙali ya dubi agogo, ya ce babu hujja, a tafi. Ba wanda ya ce a yi haƙuri. Uwarsa Kadijatu, wadda ta biya kuɗin belinsa, ta kwana hamsin a ƙarƙashin ƙasa.

Saniyarta ta sayar. Bokolo ce fara, wadda ubanta ya koro mata daga rugarsu ta Turba tun tana maraƙa. Is'haƙa dillali, da ya saya, ya yi mata alkawari zai riƙe ta har kasuwar kafin babbar sallar baɗi. In kotu ta maido kuɗi, a kawo masa, a kwance ta. Bayan rasuwarta ya zo gaisuwa, ya sake faɗa wa Malam Hamza haka a bakin zaure. Saura wata biyu.

Malam Hamza ya koyar a firamaren Tsamaye shekara talatin, yana karanta boko da Larabci, kuma yana da irin cutar masu karatu, wato yarda da abin da aka rubuta. A bayan rasidin an buga cewa idan shari'a ta ƙare za a maido kuɗin. Ya ninke shi a cikin littafi, ya jira rana ta ɗaga, don hanyar ba a binta da sassafe, ya hau babur ya shiga gari.

Akawun kotun sunansa Abbas. Malam ya same shi yana cin awara a kan fayil ɗin wani bawan Allah, man yana ratsa takardun. Ya karɓi rasidin da yatsa biyu.

"Baba, wanga rasidi na Wakili Malam ne."

"Shi ne ɗana."

"Fayil ya ce Abdurra'uf Hamza. Mutum biyu ke nan. Wa za ni ba?"

Malam bai taɓa duba gaban takardar da kyau ba, bayanta kawai ya karanta. Yanzu ya duba, ya kuma gane yadda aka yi, kamar yana tsaye a wurin. Abdurra'uf ɗan fari ne, Kadijatu ba ta taɓa kiran sunansa ba tun ranar suna. Wakili take ce masa. An tambaye ta sunan wanda ake tsare da shi, ta ce Wakili. An ce ɗan wa, ta sunkuyar da kai ta ce ɗan Malam. Wanda ya rubuta ya san matan ƙasar nan sarai, ya san ba za ta faɗa ba. Ya rubuta abin da ya ji, ya buga hatimi. Ranar da suke karɓar kuɗin, sunan bai hana su gane wa za su saki ba.

Ita kaɗai ta je ranar. Da aka kama yaron, Malam ya zauna a kan buzunsa ya ce ya san doka, in bai yi ba za su sake shi, ba za shi ya tsaya gaban yaran da ya koya wa ABCD yana roƙo ba. Ta saurare shi har ya gama, ta ɗauki mayafinta.

"To mi za a yi?" ya tambayi akawu.

"Wadda ta biya ta zo ta rantse cewa mutum guda ne."

"Ta rasu."

"Allah shi jiƙanta," in ji Abbas, yana lashe babban yatsa. "Kawo takardar mutuwa."

Kadijatu a ɗakinta ta rasu, aka kai ta kafin azahar, ba likitan da ya gan ta. Malam ya samo wasiƙar mai gari. Aka ce sai da hatimin hakimi. Ya samo. Aka ce magatakarda ya tafi taro Sakkwato. Da ya dawo aka ce wasiƙar ta nuna ta mutu, amma ba ta nuna Wakili shi ne Abdurra'uf ba, kuma matacce ba ya rantsuwa. Zuwa biyar, kowanne da kuɗin babur da fargabar hanya. A na shida ya tafi da Abdurra'uf, ya tsayar da shi gaban tebur kamar akuyar sayarwa.

"Ga shi. Tambaye shi sunansa."

Abbas ya yi dariya. "Baba, ni na san shi ne. Kowa ya sani. Takarda ce ba ta sani ba." Ya tashi ya tura ƙofa, ya rage murya. "Kai malamina ne, shi ya sa. Takardar mutuwar nan ba ta shiga fayil ba, tana aljihun teburina. A wajen kotu matarka tana da rai. Ka ga mai kunun can?"

A gindin dalbejiya wata mace ce zaune da bokiti biyu.

"Sa'adiya ke nan. Ta sa hijabi, ta ce ita ce Kadijatu, ta dangwala, Alhamis ka karɓa. Kashi ɗaya cikin uku namu ne, ni da na sama da ita. Mata shida ta tayar daga kabari bana, ba wadda ta yi ƙara."

A waje Abdurra'uf ya ce, "Baba, kuɗin Inna ne. Ba sata za mu yi ba. Na cika abin da sunka cire, ko da bashi, mu kwance saniyar."

Saura kwana tara kasuwa. Malam ya bincika duk abin da ya karanta, ya samo wa kansa hujjoji uku masu kyau a kan lalura, ya kuma ji ƙyamar yadda suka zo masa da sauƙi. Ya koma ciki, ya ce a kira mai kunun.

Ta shigo tana goge hannu da gefen zane. Babban yatsanta na dama shuɗi ne, tawada ta zauna a cikin tsagar fatar, irin wadda sabulu ya daina fitarwa.

"Mu gwada tukuna," in ji Abbas. "Sunanki?"

"Kadijatu."

"Mijinki?"

"Hamza." Ta juyo ta dube shi. "Kai ne Hamzan? Sannu, angona. Ka ga ka yi sabuwar amarya ba sadaki."

"Ɗanki?"

"Abdurra'uf. Abdurra'uf Hamza." Ta faɗa da ƙarfi, tiryan-tiryan, kamar mai kiran farashin kunu.

Shekara talatin da ɗaya Malam Hamza yana tare da Kadijatu, bai taɓa jin ɗaya daga sunayen nan biyu a bakinta ba, ko da tana fushi, ko da zazzaɓi ya ɗauke mata hankali. Ya miƙa hannu ya zare rasidin daga ƙarƙashin gwiwar hannun Abbas.

"Baba, mi ya faru? Ai ta iya."

"Ta iya," in ji Malam. "Wakili, mu tahi."

Ranar kasuwa Is'haƙa ya jira shi har la'asar, ya aiko sau biyu, sannan ya loda saniyar a tirelar Kudu tare da sauran. Abdurra'uf ya yi mako biyu ba ya cin abinci a zaure ɗaya da ubansa. Kuɗin suna can. An ce bayan wasu shekaru gwamnati ke cinye irinsu, in na ofis sun bar mata wani abu.

Kadijatu kuwa ba ta taɓa yi wa Malam gori a kan ranar belin nan ba. Ta dawo bayan la'asar da ƙura har gwiwa, ta ba shi takardar ya ajiye, ta shiga madafa. Wata goma sha biyu ta rayu bayan haka, a gida ɗaya da shi, bai ce mata ba: da na tashi na raka ki, Kadijatu, da ni zan faɗi sunan.