Gashin Bakin Jatan Lande

Torleif maƙaryaci ne, kuma a kan jirgin ruwan mahaifinsa ya tsaya ya yi ƙaryar. Yayarsa Gunvor ce ta fara ganewa.

Shekara talatin da ɗaya ta yi tana ɓare jatan lande a masana'antar garinsu da ke arewacin Norway, har yatsunta suka ƙage. Ta san na ruwansu: ƙanana, jajaye, gashin bakinsu zaƙo-zaƙo, don tun a jirgi ake dafa su da ruwan teku. Ta kuma san na nesa da ake kawowa daskararru a kwali: manya, koɗaɗɗu, gashin baki duk a kakkarye.

Ranar Asabar da hantsi ta ja ƙafa zuwa gaɓa, gwiwa na ciwo. Mutane sun yi layi gaban jirgin, kowa da burodinsa da lemon tsami. Tukunya na ta tururi, amma ruwa ne zalla. Ta leƙa kwandon jatan landen da ƙanenta ke sayarwa, ta sauke numfashi.

"Yaya, ɗebi ki tafi," in ji Torleif. "Ƙafar nan taki ba ta son tsayuwa."

"Yau ka kamo su?" ta tambaya ƙasa-ƙasa.

"Da hannun nan."

"To wane wanzami ya yi musu aski?"

"Rufa min asiri. Sati uku ina jefa koma a ruwa tana fitowa wayam. Na gaji."

"Kowa ya gaji. Baba in bai samu ba, allo yake kafawa: yau babu."

Sai ga tsohuwa Aslaug, wadda tun zamanin mahaifinsu a jirgin take saye. Ta miƙa wa Gunvor ƙwaya ɗaya.

"'Yar nan, bakina ya tsufa. Ɗanɗana min, namu ne?"

Gunvor ta murɗe kan, ta zare ɓawon, ta tauna. Gishiri ya yi yawa, naman kamar jiƙaƙƙiyar auduga. Ta dubi ƙanenta, shi kuwa ruwa yake kallo. Ba abin da take so kamar ta samu wurin zama.

"Ba namu ba ne, Inna. Na kwali ne."

Layin ya watse, ba wanda ya ɗaga murya.

Wanda ya sayar da sunan ubansa ba ya samun mai sayar masa da wani. Kafin ƙarshen wata kwamitin gaɓa ya karɓe wurin da jirgin gidansu ya shekara hamsin yana tsayawa, aka ba wani. Yanzu Torleif dakon kwalayen yake yi a masana'anta.