Abarbar Mal-sun

Bang Deok-su mutum ne da ba ya jin maganar likita har ƙarshe. Rabi yake ɗauka, sauran ya ƙarasa da kansa a cikin bas. Ranar da Likita Pyo ta ce masa maganin ciwon dajin da ake ɗura masa ya fara taɓa ƙodarsa, kuma in gwaji na gaba ya ƙara lalacewa dole a dakatar da shi, abu ɗaya ya riƙe: wai akwai wasu sinadarai masu yanka furotin kamar almakashi, su ke yi wa ƙodar ɓarna.

Yana shiga gida ya tarar da matarsa, Mal-sun, tana goga abarba a kan naman shanu. Tun aurensu haka take yi a shagonta na gasasshen nama a birnin Daegu, shi kuma ya sha ganin yadda nama mai tauri ke zama kamar kunu in ya daɗe a ciki. Ya tsaya a bakin ƙofa, hannunsa a kan kwiɓi.

"Maman Hye-rin, me ke cikin abarbar nan da ke narka nama?"

"Yau kuma girki za ka koya? Cire takalminka tukuna."

Abin da ya ƙara tayar masa da hankali shi ne kirkin da ta tsiro da shi. Matar da ta saba kiransa tsohon buhun shinkafa, tun da ya kwanta ciwo ba ta ƙara yi masa tsawa ba. Naman da ya fi laushi take zaɓar masa, ta naɗe a ganye, ta zauna tana kallonsa har ya haɗiye. Deok-su bai yarda da laushi irin wannan ba, na naman da na matar.

Sai ya fara tura abincin gefe yana cewa ya ƙoshi. In ta juya baya ya sunsuna miyar. Ya rame, wandonsa ya koma neman igiya.

Ranar gwaji ya ɗebi ruwan naman a kwalbar magani, ya ajiye a teburin likita, a gaban Mal-sun.

"Likita, ku auna wannan. Ba na zargin kowa."

"Ba ka zargin kowa," in ji Mal-sun, "amma daga firjina ka sato."

Likita Pyo ta buɗe, ta sunsuna, ta ce akwai tafarnuwa da kyau. Sannan ta yi masa bayani a hankali, irin na wanda aka san rabi yake ji. Sinadaran abarba masu yanka nama, wuta ke kashe su tun a wajen gashi, kuma ba su da hanyar zuwa ƙoda. Gwajin na yau ma bai yi kyau ba, domin ya bar ci da sha. Za a ɗage ɗurin maganin sai ya murmure.

"Baban Hye-rin," Mal-sun ta ce tana ɗaukar jakarta, "da kashe ka nake so, ai ba zan yi asarar abarba ba."

Deok-su ya gyara zama, ya rage murya.

"To wa ya sa min almakashin?"

"Babu wanda ya sa," in ji likitar. "Maganin da ake ɗura maka tayar da sinadaran kawai ya yi. Ƙodarka ce ke yin su, da su aka haife ka."